Muhawara: Wa ke buɗe tauraro a Linux, kuma me ya sa sunayen C suke kamar an gutsure su?

Ɗan Dorayi: Assalamu alaikum, manyanmu na wannan zaure. Dan Allah ina da matsala biyu, kuma ta farkon ta hana ni barci jiya. Ina taya wani yayana aiki a shagon ɗaukar hoto, ni ne mai kwashe hotuna daga kati zuwa kwamfuta. Na sa Ubuntu, wani nau'in Linux, a tsohuwar laftof ɗin shagon wata huɗu da suka wuce. Jiya wata folda tana ɗauke da hotuna biyu kacal da amarya ta zaɓa a wanke mata babba, ɗaya ita kaɗai, ɗaya ita da mahaifiyarta. Na so na kwafe su zuwa filasha, sai na rubuta `cp *.jpg`, wato umarnin kwafi da alamar tauraro (*), na danna Enter kafin na rubuta inda za su je. Babu wani gargaɗi da ya fito. Da na duba, fayil biyu suna nan da sunayensu, amma duka hoto ɗaya ne a ciki. Na mahaifiyar ya tafi, kuma an riga an goge katin an fita wani aikin da shi. Yaya aka yi haka? Ai ban ce masa ya rubuta wani a kan wani ba.

Ta biyun kuma, ina koyon harshen rubuta furogiram na C, na rubuta ƙaramin furogiram da zai riƙa yi min wannan kwafin don kada na sake irin wannan. Na kira `execlp`, mai tayar da wani furogiram, da `cp` da `"*.jpg"` da sunan folda, sai ya ce wai babu fayil mai suna `*.jpg`. A taminal tauraron yana aiki har ya yi ɓarna, a C kuma ya ƙi aiki sam.

Baban Khadija: Wa alaikumus salam. Sannu ƙanena, Allah ya mayar da alheri. Abu na farko, kada ka sake ɗaukar komai a kan wancan katin idan ya dawo hannunka, akwai manhajar PhotoRec, kyauta ce, sau da yawa tana tono hotunan da aka goge matuƙar ba a rubuta wani abu a gurbinsu ba. Katin ne fatanka, na kan laftof ɗin da wuya.

Matsalolinka biyu kuwa uwarsu ɗaya. `cp` bai taɓa ganin tauraronka ba. Shel, wato bash ɗin da kake rubutu a cikinsa, shi ne yake karɓar layin, ya ga tauraro, ya leƙa foldar, ya jera sunayen da suka dace bisa tsarin haruffa, ya sa su a gurbin tauraron, sannan ya tashi `cp`. Abin da ya isa hannun `cp` jiya shi ne `cp amarya.jpg uwa.jpg`. A wurinsa wannan umarni ne lafiyayye: kwafi na farko a kan na biyu. Da hotunan uku ne da ka tsira, domin zai ce na ƙarshen ba folda ba ne ya tsaya. Biyun ne ya ja.

A furogiram ɗinka kuma babu shel a tsakani. `execlp` yana miƙa abin da ka ba shi yadda ka ba shi, sai `cp` ya shiga neman fayil da ainihin sunansa tauraro, ɗigo, jpg.

Ɗan Dorayi: Innalillahi. Ke nan duk wannan lokacin ina zaton `cp` da `rm` da `ls` kowanne ya san ma'anar tauraro. Yaya, ta yaya zan ga abin da shel zai miƙa kafin ya miƙa?

Baban Khadija: Sa `echo` a gaban umarnin. `echo cp *.jpg` zai buga maka layin kamar yadda zai tafi, ba tare da ya taɓa komai ba. Ni har yau ba na goge komai da tauraro sai na yi haka. Kuma ka saba da `cp -i` da `mv -i`, suna tambaya kafin su danne fayil.

Injiniya Sabon Gari: Ni fa a nan nake da ja. Kullum idan aka zo wannan maganar sai a ce wa yaro ya yi hankali, ba a cewa tsarin ne yake da lam'a. Na shekara ina gyaran kwamfutocin ofisoshi tun zamanin DOS, tsohon tsarin Microsoft kafin Windows. A Windows idan ka rubuta `ren *.jpg *.jpeg` zai sauya maka sunan kowane fayil ɗaya bayan ɗaya, saboda umarnin ne da kansa yake ganin tauraron, ya san na hagu tsohon suna ne, na dama sabo. Gwada `mv *.jpg *.jpeg` a Linux ka ga. Ba zai yi ba, domin kafin `mv` ya farka an riga an warware masa komai, bai san me kake nufi ba. Da a DOS ne yaron nan ya manta wurin ajiyewa, `copy` zai fahimci cewa abu ɗaya aka ba shi, hoton mahaifiyar amarya yana nan.

Malama Kabuga: Injiniya, maganarka a kan `ren` gaskiya ce, ba wanda zai musa. Amma ka faɗi rabin da ya yi maka daɗi. A Windows kowane furogiram shi zai warware tauraronsa da kansa, ta hanyar `FindFirstFile` da `FindNextFile`, ko mai rubuta shi ya haɗa da `setargv.obj` lokacin gini. Wanda marubucinsa bai yi ba, ba ya gane tauraro ko kaɗan. A Unix, tsarin da Linux ya kwaikwaya, ɗalibata da ta rubuta furogiram mai layi goma jiya, tana karanta `argv` kawai, wato jerin abubuwan da aka miƙa wa furogiram, tauraro yana yi mata aiki daidai da yadda yake yi wa `ls`, ba ta rubuta ko harafi ɗaya a kansa ba. Ƙa'ida ɗaya ce a wuri ɗaya. Ina koyar da wannan kowace shekara, kuma na gwammace na koyar da ƙa'ida ɗaya mai kaifi da na koyar da ashirin da ba su jitu ba.

Injiniya Sabon Gari: Mai kaifin ce ta yanke shi ai, Malama.

Malama Kabuga: Ta yanke shi, kuma ban ce laifinsa ne shi kaɗai ba. `cp` da yake danne fayil shiru ba tambaya, wannan zaɓin masu `cp` ne, ba na tauraro ba. A nan ya kamata ka ɗora ƙorafin.

Alhaji na Gwale: Ku bari tsoho ya sa baki. Abin da zai ba ku mamaki, da farko ko shel ɗin ma ba shi ne yake wannan aikin ba. A Unix na farko-farko da aka yi a Bell Labs ta Amurka, daga bugu na ɗaya a 1971 har zuwa na shida a 1975, shel ɗin Ken Thompson, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiro Unix, idan ya ga tauraro ko alamar tambaya sai ya miƙa layin gaba ɗaya ga wani furogiram daban mai suna `/etc/glob`. Shi wannan zai warware sunayen sannan ya tashi umarnin da kake so. Sunan gutsuren kalmar “global” ne ta Turanci. Injin PDP-11 da suke aiki a kai ƙwaƙwalwarsa ƙarama ce ƙwarai, raba aiki gida-gida shi ne mafita. Sai a bugu na bakwai, 1979, shel ɗin Stephen Bourne ya shigar da aikin cikin jikinsa. Furogiram ɗin ya mutu amma sunan ya rayu, shi ya sa har gobe ake ce wa wannan aikin glob.

Ɗana na Dorayi, amsar tambayarka ta biyu tana cikin sunan nan. A laburaren C akwai fankishin mai suna `glob`, a cikin `glob.h`. Ka ba shi `"*.jpg"` da wani tsari mai suna `glob_t`, zai cika maka `gl_pathc` da adadin sunayen da ya samu, `gl_pathv` kuma da sunayen kansu. Idan bai samu komai ba zai dawo da `GLOB_NOMATCH`, ka duba wannan kafin ka ci gaba. In ka gama ka kira `globfree` ka mayar da ƙwaƙwalwar da ya ara. Idan kuma kai ne kake bin foldar da `readdir`, kana so kawai ka san ko suna ɗaya ya dace da tsari, `fnmatch` ne abokinka.

Autan Hotoro: Ko ya yi amfani da `system("cp *.jpg ...")` kawai mana, Alhaji. Layi ɗaya ne, ni haka nake yi yana aiki.

Alhaji na Gwale: Yana aiki saboda `system` yana tayar da `/bin/sh` ya miƙa masa layin, ka dawo da shel tsakani ke nan. Amma ranar da sunan folda ya fito daga bakin kwastoma ka liƙa shi cikin wannan layin, duk alamar da ke cikin sunan shel zai ɗauke ta a matsayin umarni. Kada ka koya masa wannan.

Malama Kabuga: Kuma mu wannan ta fi shafa fiye da Bature. Dubi yadda muke rubuta 'ya'ya, 'yan makaranta, jama'a, ɗan'uwa. Wannan ɗan waƙafin sama da muke sakawa, a wurin shel buɗe zance ne. Wata ɗaliba ta sa wa fayil suna `'yan aji.txt`, ta rubuta `cat 'yan aji.txt`, sai taminal ya tsaya yana nuna mata `>` yana jiran ta rufe zancen da ta buɗe. Ta ɗauka kwamfutar ce ta daskare, ta kashe ta ta kunna. Abin sha'awar shi ne idan tauraro ne ya kawo sunan babu matsala, domin shel ba ya sake fassara abin da glob ya fitar, kowane suna yana tafiya a matsayin abu ɗaya ko da da sarari a ciki. Matsalar tana zuwa ne idan ka ɗauki sunan ka zuba a baribul ka manta alamar zance. `"$f"` a kullum, ba `$f` tsirara ba.

Ɗan Dorayi: Malama na gode ƙwarai, rabin foldojin shagonmu haka suke, “Bikin 'yar Hajiya” da makamantansu. Alhaji na gwada `glob` yanzu. A wata folda ya kawo sunaye daidai, a wata kuma ya ce bai samu komai ba alhali hotuna sun fi ɗari uku a ciki.

Baban Khadija: Duba sunayen da kyau. Kyamarori da yawa da manyan baƙaƙe suke rubuta ƙarshen suna, `IMG_0412.JPG`. A Linux `jpg` da `JPG` ba abu ɗaya ba ne. Rubuta `*.[jJ][pP][gG]`, abin da ke cikin bakan nan mai kusurwa yana nufin ɗaya daga cikin waɗannan haruffan. A bash kuma kana iya kunna `shopt -s nocaseglob`.

Ɗan Dorayi: Wallahi shi ne. Ya kawo 318.

Autan Hotoro: Tunda an buɗe babin, ni abin da yake ƙona min rai da C sunayen ne. `strpbrk`. `strcspn`. `strrchr`. `fcntl`. Mutum yana fama da Turanci a matsayin harshe na biyu ko na uku, ya zo kuma ya tarar an cire wa kalmomin wasula kamar rubutun ajami ba wasali. Ajamin ma akwai mai wasali. A Python ka ga suna ka san aikinsa. Me ya hana a gyara? Shekara hamsin fa.

Alhaji na Gwale: Akwai dalili, kuma ba lalaci ba ne. Na farko injin da suke bugawa a kai, Teletype samfurin 33, harafi goma yake fitarwa a daƙiƙa, a kan takarda, maɓallansa masu tauri. Wanda yake aiki da wannan ba zai so dogon suna ba. Na biyu, kuma shi ne babba, furogiram ɗin da ke haɗa guntayen kod wuri ɗaya, linka. A Unix na wancan lokacin gurbin suna a teburinsa harafi takwas ne, C kuma yana liƙa layin ƙasa a gaban kowane suna, saura bakwai. Wasu injinan na wasu kamfanoni shida kawai suke dubawa, ba su ma bambanta babban baƙi da ƙarami. Saboda haka da aka fitar da ƙa'idar C ta 1989, abin da ta lamunce maka a sunan da ake gani daga waje harafi shida ne na farko. Duk abin da ya wuce nan linka yana da damar ya yi watsi da shi.

Yanzu koma ka dubi sunayen da idon wannan. `strncpy`, `strncmp`, `strncat`: yanke kowanne a harafi na shida, za ka ga har yanzu sun bambanta. Da sun sa dogayen sunaye masu farawa da kalma ɗaya, da duk sun zama suna ɗaya a wurin linka. Sai a ƙa'idar 1999 aka ɗaga adadin zuwa 31.

Autan Hotoro: To `creat` fa? Harafi biyar ne, akwai gurbin na shida, suka ƙi sa “e”.

Alhaji na Gwale: Wannan kam ba ni da abin kare shi, kuma mai shi ma bai kare shi ba. An taɓa tambayar Ken Thompson me zai sauya da zai sake gina Unix, ya ce zai rubuta `creat` da “e” ɗinsa. Shekaru bayan haka da suka yi harshen Go a Google, a can sunan `O_CREATE` ne cikakke. Amma a C `O_CREAT` yana nan, domin miliyoyin layukan kod sun riga sun dogara da shi.

Injiniya Sabon Gari: Ka ga, Alhaji da kansa ya kawo hujjata. Iyakar ta gushe tun 1999, sunayen ba su gushe ba. Muna ɗaukar wa injin da ya mutu kaya.

Malama Kabuga: Gajartar ba ita ce take damuna ba, Injiniya. Gajeren suna sau ɗaya ake koyonsa. Kuma akwai tsari a ciki in an nuna wa ɗalibi: `str` na rubutun da ke ƙarewa da sifili, `mem` na ƙwaƙwalwa tsagwaronta, ƙarin `r` a tsakiya kamar `strrchr` yana nufin a nemo na ƙarshe maimakon na farko. `f` a gaba wani lokaci na `FILE` ne kamar `fopen`, wani lokaci na fayil da aka riga aka buɗe kamar `fstat`. `_r` a ƙarshe kamar `strtok_r` yana nufin ba ya ɓoye wani abu a cikinsa tsakanin kira da kira. Shi `execlp` ɗin da ɗanmu ya kira ma haka ne: `l` za ka jero abubuwan ɗaya-ɗaya, `v` za ka miƙa su a jeri guda, `p` a nemi furogiram ɗin a `PATH`, `e` kai za ka ba da muhallin. Da zarar yaro ya ga wannan, dangin `exec` gaba ɗaya sun zauna masa.

Abin da yake tsorata ni shi ne sunan da yake yaudara. `strncpy` shi ne babba. Duk ɗalibin da ya gan shi sai ya ce ga `strcpy` mai aminci, tunda ana faɗa masa iyaka. Ba don haka aka yi shi ba. An yi shi ne don cika gurabe masu ƙayyadadden faɗi, irin gurbin sunan fayil na tsohon Unix mai bait 14. Idan rubutun ya gaza sai ya cike sauran da sifili, idan ya kai ko ya wuce sai ya bar shi ba sifilin rufewa ko ɗaya. Sai `printf` ya zo karantawa ya zarce cikin ƙwaƙwalwar da ba tasa ba. Na ga wannan a aikin ɗalibai ba sau ɗaya ba, furogiram yana tafiya lafiya da gajerun sunaye, ranar gabatarwa a shigar da suna mai tsawo ya fara fitar da shara a allo. Saboda wannan ne mutanen OpenBSD (wani reshen Unix), Todd Miller da Theo de Raadt, suka kawo `strlcpy` a 1998, wanda kullum yake rufe rubutun. glibc, laburaren C na Linux, ba ta karɓe shi ba sai a 2023, bugu na 2.38.

Baban Khadija: Ƙari a kan na Malama, `strlen` ma sunansa yana yaudarar mu musamman. Ba haruffa yake ƙirgawa ba, bait yake ƙirgawa. A UTF-8, tsarin da kwamfuta take ajiye haruffa da shi, kowanne daga ƙ, ɗ, ɓ bait biyu ne. `strlen("ƙasa")` biyar zai ba ka, ba huɗu ba. Na yi wa wani kanti ƙaramin furogiram na rasit, ginshiƙan suna karkacewa duk layin da aka rubuta “ƙwai” ko “gyaɗa”, na kwana biyu ina neman dalili. Kuma abin ya taɓa tauraro ma: alamar tambaya a glob tana nufin harafi ɗaya. Idan kwamfutarka tana kan UTF-8, `?asa.txt` zai kama `ƙasa.txt`. Idan furogiram ɗinka yana kan asalin yanayin C, wato ba ka kira `setlocale` ba, zai ga bait biyu ne a wurin ya ƙi kamawa. Ɗan Dorayi ka sa `setlocale(LC_ALL, "")` a farkon `main`.

Autan Hotoro: To ni dai daga yau da Hausa zan riƙa sa wa nawa suna. `kwafi_hoto`, `goge_fayil`, `isar_da_sako`, `toshe_kofa`. Ko ba komai na san abin da na rubuta.

Alhaji na Gwale: Madalla, ina goyon bayanka, kuma akwai fa'idar da ba ka lura ba: da wuya sunan Hausa ya yi karo da na laburare. Duk wanda ya bi darasin littafin Kernighan da Ritchie ya san akwai fankishin da suke sa ka rubuta mai suna `getline`. Shekaru yana aiki, sai POSIX ta 2008, ƙa'idar da dangin Unix suke bi, ta shigar da nata `getline` cikin `stdio.h`, yanzu ka kwafi na littafin a Linux kompaila, mai fassara kod zuwa harshen inji, ya ce sunan ya riga ya zama na wani. Da ka kira shi `karanta_layi` ba abin da zai same ka.

Amma biyu daga cikin misalanka ka sake musu tunani. Ƙa'idar C ta keɓe wa laburarenta sunayen da suka fara da `is` ko `to` idan ƙaramin harafi ya biyo baya, saboda dangin `isdigit` da `toupper`, haka ma `str` da `mem` da `wcs`. `isar_da_sako` da `toshe_kofa` duk sun faɗa ciki. A aikace da wuya kwamitin C ya ƙirƙiro fankishin mai suna `toshe_kofa`, kompaila ma ba zai ce maka komai ba. Sai dai tarbiyyar da ta fi ita ce ka zaɓi ɗan gajeren kai na aikinka ka liƙa wa kowane suna, ko ka sa `static` ga duk wanda ba a buƙatarsa a wajen fayil ɗin. Sannan kada ka fara suna da layin ƙasa da babban baƙi, ko layin ƙasa biyu, waɗannan na masu kompaila ne. `_t` a ƙarshen suna kuma POSIX ta riƙe shi.

Autan Hotoro: Zan iya sa ƙ da ɗ ɗin kansu a cikin sunan?

Baban Khadija: Kompailan GCC tun bugu na 10 yana karɓa kai tsaye, Clang ma yana karɓa. Ni dai ba na yi, saboda abokin aikina ba shi da su a kibod ɗinsa, in yana neman fankishin sai ya sha wahala. A cikin bayanin gefe nake sakin Hausata da ƙugiyoyinta.

Injiniya Sabon Gari: An ɗauke mana wuta ne, sai yanzu na dawo. Na karanta duka. Na yarda da maganar linka, dalili ne na gaske. Amma kan tauraro ban sauka ba, ga wani ramin da ba a ambata ba. Tunda shel yana zuba sunaye ne kawai cikin layi, fayil da sunansa ya fara da karan ɗori umarnin zai ɗauke shi a matsayin zaɓi. A sa fayil mai suna `-rf` a folda, ka zo ka rubuta `rm *` da niyyar goge fayiloli kawai ka bar ƙananan foldoji, sai ka ga har foldojin sun tafi. Furogiram ba shi da hanyar sanin wanne ka buga da hannunka, wanne tauraro ya kawo. Wannan ba sakacin mai amfani ba ne, a jikin ginin yake.

Malama Kabuga: Wannan na ba ka shi ɗungurungum. Rami ne na gaske. Maganinsa `rm -- *`, karan ɗori biyun suna cewa zaɓi ya ƙare daga nan, ko `rm ./*` yadda kowane suna zai fara da ɗigo. Amma ba zan ce maka ɗalibi zai gano wannan da kansa ba, sai an faɗa masa.

Ga wani kuma da ni kaina ban so ba: idan tauraro bai kama komai ba, bash yana miƙa shi yadda yake. Ka rubuta `for f in *.jpg` a foldar da babu hoto, zagayen zai gudana sau ɗaya da `f` ɗauke da `*.jpg` ɗin kansa. Gado ne daga shel ɗin Bourne. Wani shel mai suna zsh yana tsayawa ya ce babu abin da ya dace, shel ɗin csh ma haka. A bash sai ka kunna `nullglob` ko `failglob`. Wannan halin ne kuma yake sa mutane su yi ta rubuta `find . -name *.c` ba alamar zance suna ganin yana aiki, saboda babu fayil ɗin C a foldar da suke tsaye. Ranar da aka samu guda ɗaya, shel ya musanya tauraron da sunansa, `find` ya koma neman wannan suna kaɗai, ba wani kuskure da zai fito. Dole `'*.c'` a cikin alamar zance don tauraron ya isa hannun `find` da ransa.

Ɗan Dorayi: Ina ta rubutawa a littafi. Tambaya ɗaya, na lura `ls -a` yana nuna wasu fayiloli masu farawa da ɗigo, amma `echo *` bai kawo su ba.

Alhaji na Gwale: Haka ƙa'idar take, tauraro ba ya kama ɗigon farkon suna sai ka rubuta ɗigon da kanka. Rob Pike, ɗaya daga cikin tsofaffin mutanen Bell Labs, ya ba da labarin cewa ɓoyayyun fayilolin nan ma ba da gangan aka ƙirƙiro su ba: an so `ls` ya daina nuna `.` da `..`, sai aka duba harafin farko kawai, duk mai farawa da ɗigo ya ɓace, mutane suka mayar da abin hanyar ɓoye fayilolin saiti. Ka kiyayi `.*` fa. A tsofaffin bash yana kama `..`, wato foldar da ke samanka, mutane sun ɓata izinin fayilolin da ba su yi niyya ba da `chown -R` ta wannan hanyar. Bash 5.2 ya daina, amma ba ka san a wace na'ura za ka samu kanka gobe ba.

Baban Khadija: Kuma tunda aikinka hotuna ne, wata rana za ka haɗu da saƙon “Argument list too long”. Layin da shel yake miƙa wa furogiram yana da iyakar girma, `getconf ARG_MAX` zai nuna maka naka. Folda mai dubun-dubatar hotuna tauraro zai iya wuce ta. A nan ne furogiram ɗinka na C mai `glob` ya fi, domin sunayen suna cikin ƙwaƙwalwarka kana bin su ɗaya-ɗaya, ba ka cusa su duka a layi guda. Ka karanta `man 7 glob` don ƙa'idojin tauraro, `man 3 glob` don fankishin ɗin. Lambar tana da muhimmanci, shafuka ne daban.

Injiniya Sabon Gari: Ka kawo katin shagona gobe bayan Azahar idan ya dawo, ina da abin karanta kati mai kyau, mu gwada PhotoRec ɗin tare. Ka tura ɗan makullin gefen katin ƙasa tun yanzu kada wani ya sake ɗauka a kai.

Ɗan Dorayi: Yayana ya dawo da shi ɗazu bayan Isha'i. Katin 64GB ne, aikin yau ɗaurin aure ne kawai, hotuna ba su kai saba'in ba. Na kulle shi na sa a ambulan. Furogiram ɗin kuma na gyara: yana kiran `glob`, yana tsayawa idan ba a ba shi foldar ajiya ba, kuma yana buɗe sabon fayil da `O_CREAT` haɗe da `O_EXCL` kamar yadda na gani a `man 2 open`, don ya ƙi rubutawa idan sunan yana nan. Na gwada shi da hoto biyu a folda ban ba shi wurin ajiya ba, ya ƙi motsi. Injiniya in sha Allah ina nan tafe goben. Amaryar dai ban kira ta ba tukuna, sai mun ga abin da katin zai fitar.